Wasiƙa daga Tawa zuwa ga shugabannin ikilisiya: ku zauna a kan kalmomin da muke sujada da su

Zuwa ga iyayenmu fastoci da limaman Katolika, dattawan ikilisiya, da malaman makarantun Littafi Mai Tsarki na ƙasar Nijar.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ku da iyali da garken da aka damƙa muku kiwo. Bayan gaisuwa, mai rubuto muku ɗanku ne, ga wasunku kuma ƙane, tsohon malamin lakwal da ke zaune a nan Tawa. Ban shiga makarantar tauhidi ba, ba a kuma ɗora mini hannu ba. Abin da ya ba ni bakin magana a gabanku aikin tafinta ne. Shekaru masu dama ke nan, duk Lahadin da baƙo ya zo da wa'azi cikin Faransanci, ni ake tsayarwa gefensa in juya wa jama'a da Hausa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa na daɗe ina tara ƙwarya a ƙarƙashin wannan yoyon har ta cika. Shi ya sa na ce bari in rubuta a fili, kada ta zama irin maganar da ake yi a gindin bedi bayan sujada, a yi dariya a watse.

Ga abin da ya tunzura ni. Wata Lahadi cikin bazara wani mai wa'azi ya zo mana daga ƙasashen bakin teku, ya buɗe wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa sura 5. Kalma guda ya riƙe, doguwar nan ta Faransanci mai nufin Allah ya karɓi mai zunubi a matsayin marar laifi, ya yi ta nanata ta kamar mai kirari. Ni kuma na ɗauko wadda na tashi na tarar a tsohuwar fassarar Littafi Mai Tsarki, ina ta cewa "baratarwa", "mun barata", da ƙarfin murya, ina jin kaina. Da aka tashi, ina laluben takalmina a bakin ƙofa, sai wata gyatuma ta jawo hannun rigata. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ƙuli-ƙuli take sayarwa, ba ta taɓa fashin sujada ba tun da na san ta. Ta ce, "Mushe, wagga baratarwa da kac ce, bara za mu koma yi? Ni dai ko da yunwa ban iya bara." Ba da wasa ta faɗa ba. Awa guda cur ta zauna a kan tabarma tana jin ana cewa bangaskiya za ta mai da ita mabaraciya, ta daure, ta kuma ce amin tare da kowa.

Na zaunar da ita na ce, Inna, ki ɗauka an kai mutum gaban alƙali, laifin kuwa ya aikata shi, sai alƙali ya ce wani ya riga ya ɗauke hukuncin, tashi ka tafi, babu abin da ake bin ka. Ta yi jim, ta ce, "To mi ya hana ka ce an wanke mu?" Na rasa ta cewa. Sai da na koma gida na gane abin da ya hana: wanki ya riga ya tafi wajen tsarkakewa da baftisma. Fassarar da ta biyo baya ta fi son "kuɓutarwa", amma kuɓuta a kunnen Bahaushe ta fi kama da ta wanda ya sha da ƙyar a bakin kura, tana kuma karo da ceto. Abu guda, suna uku, kowanne da ƙafar da yake ɗingishi. Masu fassara sun yi iyakar ƙoƙarinsu, ban ga laifinsu ba. Mu ne muke jefo kalma daga mumbari mu wuce, ba mu tsaya mun fasa ta jama'a sun ga abin da ke ciki ba.

Ya kamata a tuna ta inda kalmomin nan suka biyo kafin su iso Adar. Ɗan ƙasar nan yana cikin na farkon da suka sa baki a aikin, ko da yake ba a faye sanin haka ba. Wani yaro ne mai suna Dorugu, haifaffen Dambanas wajen Kance, a ƙasar Damagaram. An kama shi bauta yana ƙarami, aka ƴanta shi a Borno, ya bi Baturen nan matafiyi Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, har Tumbutu, daga ƙarshe ya bi shi Ingila a 1855. Can ya zauna wurin wani ɗan mishan Bajamushe mai suna Schön, wanda ya fara bin diddigin Hausa tun tafiyar da suka yi a kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther. Daga bakin yaron nan Schön ya gyara Hausarsa, a 1857 kuma aka buga bisharar Matiyu da Hausa. Ku duba fa, yaron da bai cika ashirin ba, cikin sanyin Ingila, ba uwa ba uba, ana ta tambayarsa yaya ake cewa kaza, yaya ake cewa kaza. Dorugu ya dawo, ya ƙare kwanansa a Kano a 1912. Ban taɓa jin an ambaci sunansa a wata majami'a tamu ba.

Cikakken Littafin bai fito ba sai 1932, aikin da Likita Mila, Baturen mishan na Zariya, ya ja ragamarsa tare da wasu. Kafin nan ƴan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) sun sauka Damagaram a 1924, suka kafa a Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya suka buɗe asibitin Galmi a 1950, nan cikin jiharmu ta Tawa. Katolika kuma suka kafa a Yamai a 1931. Ƴan SIM da Ingilishi suka zo, Littafinsu da waƙoƙinsu kuma daga kudancin iyaka suka ƙetaro. Shi ya sa harshen ikilisiyarmu ya zama kamar rigar da aka yi wa ƙari sau uku. Ainihin ƙyallen Larabci ne da Hausa ta riga ta haɗiye ɗaruruwan shekaru kafin Bature ya leƙo: Allah, annabi, mala'ika, zunubi, tuba, addu'a, azumi, hadaya, bishara, Attaura, Zabura, Linjila. Sunayen Bulus da Bitrus ma ta bakin Larabawa suka zo mana. Sai ƙarin Ingilishi, irin su coci da fasto da firist. Sai na Faransanci da ƴaƴanmu na lakwal suka ɗinka a kai, wanda ba ya cikin Littafi amma ya cika musu baki. A gida ɗaya kaka ta ce za ta majami'a, uwa ta ce coci, jika ya ce egiliz, fasto ya hau ya ce ikilisiya, wadda ita kuma asalinta Helenanci ne, tana nufin taron jama'ar da aka kira, ba ginin da suke taruwa ciki ba.

Aro ba abin kunya ba ne, Hausa ta saba da shi tun zamanin fatake. Inda kuma magabata suka tono daga rijiyar gida, sun ɗebo ruwa mai daɗi. "Bangaskiya" ta isa misali: ba da gaskiya ce aka dunƙule, wato ka miƙa wa wani yardarka, kowace tsohuwa ta gane ta ba sai an fassara ba. Haka Ubangiji, haka gicciye, haka zumunta, wadda matanmu suka ɗauka suka yi wa ƙungiyarsu suna da ita har ta fi kowace ƙungiya rai. Damuwata ita ce waɗanda muke faɗa kullum, mu da masu sauraro ba mu san inda suka fito ba, balle abin da suke ɗauke da shi.

Ran nan a nazarin Laraba da maraice, dattijon da ke jagora ya ce a buɗe Yohanna sura 3. Wata yarinya ƴar kwaleji da ke gefena ta yi ta juya shafi gaba da baya har gumi ya keto mata. Nata Littafin fassarar 1979 ce, a ciki kuwa babu Yohanna, sai Yahaya. Na dattijon na 1932 ne da ya gada wurin mahaifinsa, bangon ya mutu har baduku ya yi masa sabo da jar fatar akuya. Saurayin da ke bayanmu daga salula yake karantawa, tasa fassarar daban. A benci guda ga Matta ga Matiyu, ga Misalai ga Karin Magana, ga Kubawar Shari'a ga Maimaitawar Shari'a, ga Ru'ya ta Yohanna ga Wahayin Yahaya, ga Yesu Kristi ga Yesu Almasihu. Da aka zo Zabura 23, biyu suka ce Ubangiji, mai salula ya ce Yahweh. Dattijon ya ɗago kai ya dube shi ta saman tabarau kamar wanda ya ji saɓo.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da bayanin da bai fi a dafa shayi a sauke ba. Almasihu da Kristi abu ɗaya suke nufi, shafaffe da mai, na farko daga Ibrananci ta hanyar Larabci, na biyu daga Helenanci. Sunan Allah a Tsohon Alkawari baƙaƙe huɗu ne da Yahudawa suka daina furtawa don girmamawa, in sun zo kansa sai su ce Adonai. Fassarar Helenanci da aka fara a Iskandariya tun ƙarni na uku kafin haihuwar Almasihu ita ma da kalmar maigida ko sarki ta iso mana a wannan gurbi, tamu "Ubangiji" sawunta ta bi, wanda ya rubuta Yahweh kuma komawa ya yi ga baƙaƙen. Yahaya sunan da Bahaushe ya riga ya sani ne, Yohanna kuwa yadda Kiristocin Larabawa ke faɗa. Shi ke nan. Amma da yake ba wanda ya taɓa gaya wa saurayin nan haka, ranar da abokinsa ya ce masa a fada wurin shan shayi, ai Littafinku kowa da nasa, sai ya sunkuyar da kai, ya dawo gida da ƙulli a zuci, ba zai kuwa tambayi fasto ba don kunya.

Kada ku ce abin bai kai ya kawo ba. Wajen shekara ta 403 Agustin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya maƙwabciyarmu, ya rubuta wa Jerom wasiƙa. Jerom yana Baitalami yana sabuwar fassara zuwa Latin kai tsaye daga Ibrananci. Agustin ya ba shi labarin abin da ya faru a garin Oea, wato Tarabulus ta Libiya, wadda ayarin fatakenmu suka riƙa nufa daga baya. Bishop ɗin garin ya sa an karanta littafin Yunusa cikin sabuwar fassarar. Da aka zo kan tsiron da ya yi wa annabin inuwa, jama'a sun saba jin duma, sai suka ji sunan wata ciyawa mai hawa bango. Nan take majami'a ta kaure da hayaniya. Aka je aka tambayi Yahudawan garin, suka goyi bayan tsohon karatu, bishop ya ga yana shirin wayar gari ba jama'a, ya koma wa duma. Masana da yawa na yau sun ce tsiron ma zurma ne, ba wannan ba, ba wancan ba. Abin da nake so a labarin, Agustin, da duk iliminsa, bai yi wa mutanen dariya ba. Ya san kalmar da mutum ya ji daga bakin uwarsa gado ce, in za ka taɓa ta sai ka yi sallama.

Tunda na ambaci Agustin, bari in faɗi wata da ke ci mini rai. A nan ƙasar, in an ga Bature sai a ce ga anasara, kalmar da asalinta mabiyan mutumin Nazarat take nufi. Yaronmu yana tashi da jin cewa addininsa da farar fata tagwaye ne, mu kuma tarihin da muke koya masa daga zuwan ƴan mishan yake farawa. Ba mu gaya masa cewa kalmar Triniti da ake faɗa masa, wato Allah ɗaya cikin uku, a Kartaj kusa da Tunis ta yau wani ɗan Afirka mai suna Tartuliyan ya fara rubuta ta da Latin, wajen farkon ƙarni na uku. Ba mu gaya masa cewa jerin littattafai 27 na Sabon Alkawari, daidai yadda suke a hannunsa, a wasiƙar Atanasiyus na Iskandariya ta shekarar 367 aka fara ganin su cif. Ba mu gaya wa ƴaƴanmu mata labarin Farfetuwa da Felisita, uwargida da baiwa, waɗanda aka kashe tare a Kartaj a 203. Habasha kuwa tun ƙarni na huɗu sarkinta Ezana ya karɓi bangaskiyar.

Akwai kuma gefen tarihin da ya kamata ya hana mu barci. Ikilisiyar Kartaj da Hippo da Latin ta yi sujadarta. Agustin da kansa ya sha neman limamin da ya iya harshen mutanen ƙauye, Littafin kuwa bai shiga harshensu ba. Yau ikilisiyar nan sai kufai. Ta Masar da ta Habasha, waɗanda suka juya Littafin cikin harshen Kibɗawa da Gi'iz, suna nan daram. Dalilan suna da yawa, ba na cewa harshe kaɗai ne, amma yana ciki. Ɗan abin da ya saura ma a bakin maƙwabtanmu Abzinawa za ku ji shi, nan kasuwar Tawa. Masana harshe suna danganta kalmarsu ta zunubi, abakkaḍ, da ta mala'ika, anjalus, da Latin, haka nan tafaske, sunan da suke kiran babbar salla da shi, suna cewa daga Faska ya fito, wato Idin Ƙetarewa. Kalmomin sun ƙetare Sahara sun rayu, waɗanda suka kawo su babu ko labarinsu.

Yanzu ga mafi nauyi. Maƙwabcina malami ne, katanga ɗaya ta raba mu shekara da shekaru. Ranar layya cinyar rago ke shigowa gidana, ranar Nowel kwanon shinkafa ke shiga nasa. Wata rana muna zaune bayan la'asar ya ce, "Mushe, in tambaye ka ba don gardama ba. In kun ce Ɗan Allah, kuna nufin Allah ya yi aure ke nan?" Na ce masa wa'iyazubillahi, da kalmarsa, domin ni ma haka nake ji, ba kuwa wata ikilisiya da ta taɓa koyar da haka. Amma da na zo yi masa bayanin abin da muke nufi, sai na ga kayan aikina ba su da kaifi. Na ce ai Hausa tana cewa ɗan gari, ɗan hanya, ba tare da haihuwa ba. Ya ce to in haka ne ai kowa ɗan Allah ne. Ya kuwa yi gaskiya, misalin bai kai inda ikirarin bangaskiya ya kai ba. Bishop-bishop ɗin da suka taru a Nikiya a 325, da waɗanda suka taru a Kustantiniya a 381, kan wannan gaɓa suka yi ta kai ruwa rana, tsakanin tarukan biyu har aka yi shekaru ana jayayya kan kalmomi biyu na Helenanci da wasali guda ya raba, ɗaya na cewa zati ɗaya, ɗaya na cewa zati mai kama. Su sun auna kowane harafi. Mu kuma na taɓa jin wani matashin tafinta, da kyakkyawar niyya, ya bi Faransanci tiryan-tiryan ya ce wa jama'a "Allah mutane uku ne." Gabana ya faɗi. Tagogi a buɗe, masu wucewa suna ji. Yaron ba shi da laifi, ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce masa ga yadda muke faɗin wannan da Hausa, ga yadda ba ma faɗa.

Alhali masu fassara sun bar mana darasi a sarari, a ayar farko ta bisharar Yahaya. Kalma a Hausa mace ce, cewa muke kalmar nan ta yi daɗi. Amma a wurin sai aka rubuta Kalman nan, aka ce yake, ba take ba. Duk ɗan lakwal da ya rubuta mini haka da jan biro zan bi shi. Su kuwa da gangan suka karya nahawu, don mai karatu ya yi tuntuɓe ya tambaya, wane ne wannan Kalma? Sau nawa aka tsaya a kan wannan tuntuɓen a majami'unku?

Akwai kuma kalmomin da zamani ya sauya musu ɗanɗano muna kallo. Fansa tana gaba. Kakanninmu sun san ta da bawan da ya fanshi kansa, ko dangin da suka tara dukiya suka fanso nasu, da wannan kunnen suka ji Markus 10:45. Yaron yau daga rediyo ya san ta: kuɗin fansa, masu garkuwa da mutane, daji, waya cikin dare. Wani ɗalibina a ajin Lahadi ya tambaye ni, to wa aka biya kuɗin fansar, Shaiɗan ne ya yi garkuwa da mu? Bai san ya taɓo tambayar da malaman ikilisiya suka yi ɗaruruwan shekaru suna juyawa ba. Wani kuma ɗaukar fansa kawai ya sani, shi a wurinsa Mai Fansa mai ramuwar gayya ne. Almajiri ma haka. Littafi na cewa almajiran Yesu goma sha biyu, kalmar kuwa mai daraja ce, wanda ya bar gida don neman sani, amma hoton da ke faɗo wa yaro na mai ƙoƙo ne a bakin tasha. Ni ba na son a jefar da ita, ina son a wanke mata fuska.

Alheri kuwa ita ce mai ruɗi don daɗinta. Mun sa ta a gurbin abin da Bulus ke nufi da kyautar da ba a cancanta ba, wadda ba a iya biya. Amma ku saurari yadda Bahaushe ke maganarta: alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza; alheri gadon barci. Duk suna cewa ka shuka za ka girba. Matanmu sun san biki, in ƙawa ta kawo miki jika guda ranar suna, ranar nata sai ki mayar da abin da ya fi. Wanda ya tashi cikin wannan, ka ce masa an cece shi ta wurin alheri, zuciyarsa lissafin ramawa za ta fara, ko ta ɗauka wani abin kirki ya yi tun farko aka saka masa. Kalmar tana da kyau, sai dai duk mai wa'azin da ya furta ta bai ƙara da cewa wannan alherin ba irin na biki ba ne, rabin saƙo ya isar.

To, ga roƙona, iyayena. Ba sabuwar fassara nake nema ba, waɗanda ke akwai sun isa, ba kuwa mu da ƙarfin wannan aiki. Ƙaramin ƙamus nake roƙo, na kalmomin sujada da na Littafi, cikin Hausar da ake ji daga Dogon Dutsi zuwa Damagaram. Kowace kalma a faɗi asalinta, da yadda kowace fassara ta kira ta, da abin da take nufi a kasuwa, da abin da maƙwabcinmu Musulmi ke nufi in ya faɗe ta, sannan abin da mu muke nufi. Kafara ta isa misali: shi ya san ta da azumi ko ciyarwar da mutum ke yi don gyara abin da ya karya, mu muna faɗin ta kan abin da aka yi dominmu, saiwarta kuma ɗaya ce da ta babbar ranar nan ta Yahudawa da ke cikin Littafin Firistoci sura 16. In an rubuta wannan a layi biyar, hira tsakanin maƙwabta za ta yi sauƙi. Ku zauna tare, ƴan bishara da Katolika, ko da a kan wannan kaɗai. Kada ku tara masu digiri zalla a wani ɗaki mai sanyi a Yamai. Ku kira tsofaffin Zumuntar Mata, ku kira mutumin Adar da Bagobiri da Ba'are, domin Littafin da Hausar Kano da Zariya yake magana, mu nan kuwa "tahi" muke cewa da "biyat". Ku gayyato malami guda masanin Larabci ya gaya muku inda aka ja kalmarsu ta wuce wurinta, ba abin da zai rage muku. In an gama a ɗauki murya a tura ta WhatsApp, don yawancin masu buƙatar abin kunne ne littafinsu.

Ku kuma sa ido kan takardun waƙa da ake bugawa ba ƙugiya. Na ga wadda aka rubuta "kasa" a gurbin ƙasa, da "bata" a gurbin ɓata. Mutanen da kakanninsu a bangaskiya suka yi shekaru suna jayayya kan wasali guda bai kamata su raina lanƙwasar baƙi ba.

Lokacin ma ya zo daidai. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Za a yi ta ƙirƙirar kalmomi na shari'a da na mulki da na makaranta, za a yi ƙamusoshi. In ba mu rubuta namu da hannunmu ba, wani zai rubuta mana ma'anar baftisma da Jibin Ubangiji yadda ya ji a gari. Wannan jibin ma, wata jikata ta taɓa tambayata me ya sa ake ce masa jibi alhali yau ake ci, don tsohuwar kalmar nan ta abinci ta fita daga bakin tsaransu.

Ina da wani kaye mai bangon shuɗi da nake rubuta duk kalmar da ta ba ni wuya a bakin aiki, da ranar, da abin da na ce, da abin da ya kamata in ce. Ya kusa cika. Duk wanda kuka wakilta, in ya sauka tashar Tawa zan kai masa da hannuna, in kuma raka shi wurin Inna mai ƙuli-ƙuli tun tana iya zama, don idonta ya fara rauni, ƙafa ma sai da sanda. Shafin baratarwa har yau rabinsa fari ne.

Naku cikin zumunta,
tsohon malamin lakwal, mai tafinta,
Tawa.